Yadda Kwamfuta Take Gwada Motsin Sassan Inji

Kafin a yanka ƙarfe a masana'anta, injiniyoyi sukan zana kowane sashe na inji a kwamfuta, su harhaɗa sassan, su motsa su a kan allo domin su ga ko za su yi aiki. A wannan darasi za mu duba yadda ake yin haka. Ivan Sutherland ya nuna wannan dabara a shekarar 1963 a makarantar MIT ta Amurka, da shirinsa mai suna Sketchpad. Daga baya aka sami irin su SolidWorks, wanda ya fito a 1995.

Da farko mu sani cewa abin da ba a ɗaure ba yana da hanyoyin motsi 6. Yana iya tafiya gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, yana kuma iya juyawa ta fuskoki 3. Kwamfuta ba ta san ƙofa ba, ba ta san durowa ba. Mai zane ne yake yi wa kowane sashe dabaibayi, watau ya faɗa mata yadda aka haɗa shi da ɗan'uwansa. Mahaɗin ƙofa yakan bar juyawa kaɗai. Na durowa yakan bar shiga da fita kaɗai.

Bari mu ɗauki keken ɗinki na ƙafa. A ƙarƙashin teburinsa akwai sassa 4: jikin keken, fedar da tela yake takawa, sandar ƙarfe, da lanƙwasasshen ƙarfen da ke juya babban wili. Dukansu suna motsi a shimfiɗa ɗaya, saboda haka kowane sashe yana da hanyoyi 3 maimakon 6. Jikin keken a kafe yake, saura sassa 3, watau hanyoyi 9. Akwai mahaɗai 4 masu juyawa, kowanne yana cire hanyoyi 2, jimla 8. Idan muka ɗebe 8 daga 9, saura 1. Shi ya sa ƙafar tela kaɗai ta isa ta tafiyar da keken duka.

Wannan lissafi yana da muhimmanci ƙwarai. Sanduna 3 da mahaɗai 3 suna ba da 6 a ɗebe 6, babu motsi ke nan. Haka kafintoci suke ɗaure katakon rufin majami'a. Sanduna 5 da mahaɗai 5 suna ba da 2, sai a nemi hannu biyu. A kwamfuta ma, idan dabaibayi ya yi kaɗan, sassa za su riƙa lilo yadda suka ga dama. Idan ya yi yawa, zanen zai ƙage, ko shirin ya nuna cewa ƙa'idodin suna karo da juna.

Bayan an daidaita mahaɗai, sai a umarci kwamfuta ta juya wili kaɗan-kaɗan. A kowane mataki tana sake lissafa inda sauran sassan za su tsaya, tana nuna inda ƙarfe zai bugi ƙarfe. Akwai wurare 2 a kowane zagaye inda sandar take miƙewa layi ɗaya da lanƙwasasshen ƙarfen. A nan taka feda ba ya juya wili, shi ya sa tela yakan tura da hannu sa'ad da zai fara ɗinki. Nauyin wili ne yake ƙetarar da shi idan keken yana gudu, kuma kwamfuta ba za ta nuna wannan ba sai an ba ta nauyin kowane sashe.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, kada mu jira sai mun zauna gaban kwamfuta. A lokacin hutu mu sami kwali da ƙusoshi 4, mu haɗa irin wannan tsari, mu ƙirga hanyoyinsa kafin mu motsa shi.