Kifin Wel Ba Kifi Ba Ne

’Yan uwa ɗalibai, darasinmu na wannan mako zai kai mu teku. Akwai ƙasashen da mutane ke biyan kuɗi su shiga jirgin ruwa, ba don za su wani gari ba, sai don kawai su ga kifin wel da dolfin.

Bari mu fara da abin da ke kayar da mu a jarrabawa. Ko da yake muna ce masa kifi, wel ba kifi ba ne, haka ma dolfin. Ba sa yin ƙwai, haihuwa suke yi, uwa ta shayar da ɗanta nono, kuma da huhu suke numfashi kamar saniya. Shi ya sa dole su riƙa fitowa saman ruwa su shaƙi iska, kuma a nan ne masu jirgi ke hango su.

Hancin wel a saman kansa yake. In ya fito ya saki numfashi, sai a ga wani abu kamar hayaƙi ya tashi sama. Wasu na zaton ruwa yake fesowa, alhali yawanci iska ce mai ɗumi da ta gamu da sanyi, kamar tururin da ke fita daga bakinmu da sassafe lokacin hunturu. Gwanaye har sukan gane irin wel ɗin daga wannan feshi. Akwai wani iri da ke zuwa kusa da garin Hermanus na Afirka ta Kudu daga watan Yuni zuwa Nuwamba, feshinsa rabuwa biyu yake yi kamar harafin V. A garin ma akwai mutumin da aikinsa shi ne busa ƙaho in an hango wel. Wannan aiki kam ya burge mu!

Dolfin bai da wahalar gani. A garke suke tafiya, kuma sukan zo gaban jirgi su yi ta tsalle.

Sai dai kallon nan yana da illa in babu tsari. Farfelar jirgi na iya yanka su, ƙarar inji kuma tana hana su jin kiran juna, musamman uwa da ɗanta. Dokar Afirka ta Kudu ta hana matsawa kusa da wel ƙasa da mita 300 sai da izini. A ganinmu dokar ta dace, domin an sha farautar wel har wasu irinsa suka kusa ƙarewa, kafin a dakatar da farautarsa don kasuwanci a 1986.

Kada mu ɗauka abin nesa ne. Kowace shekara, wajen watan Yuli zuwa Satumba, wani irin wel mai dogayen hannuwa yakan taso daga ruwan sanyi na ƙarshen kudancin duniya ya zo gaɓar Gabon don haihuwa. Ku duba taswira, tekun Atilantika ne, wanda Legas ke bakinsa.