Darasi na Bakwai: Insha'in Kwatanci (Malimben Ibadan da Kunamar Ruwa)

7.1 Gabatarwa

Insha'in kwatanci shi ne wanda ake jera abubuwa biyu a cikinsa domin fito da inda suka yi tarayya da inda suka sha bamban. Sharaɗinsa shi ne a ɗora su bisa ma'auni guda. Za a ba da misali da halittu biyu na Nijeriya da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

7.2 Halittun Biyu

Malimben Ibadan ƙaramin tsuntsu ne mai launin baƙi da ja, daga dangin tsuntsaye masu saƙa sheƙa. Masanin tsuntsaye John Elgood ne ya fara bayyana shi a kimiyyance a 1958. Ba a samunsa ko'ina a duniya sai a dazuzzukan kudu maso yammacin Nijeriya.

Kunamar ruwa kuwa kifi ce mai faɗi kamar faifai, mai dogon wutsiya ɗauke da ƙaya mai dafi, abin da ya jawo mata wannan suna. Tana zaune a kogunan Kwara da Binuwai, kuma a 1962 masana suka bayyana ta daga Garwa ta ƙasar Kamaru.

7.3 Bambanci da Tarayya

Tsuntsun yana da ƙashi da fukafukai, yayin da jikin kunamar ruwa guringuntsi ne. Shi ƙwai yake sakawa a sheƙa, ita kuwa haihuwa take yi, saɓanin yawancin kifaye. Shi a kan itatuwa yake neman ƙwari, ita kuma a ƙasan kogi take kiwo.

Duk da haka, matsalarsu ɗaya ce: mazauninsu ƙuntatacce ne. Sarar daji domin noma ta rage wa tsuntsun wurin zama, kamar yadda yawan su da lalacewar koguna suka rage kunamar ruwa. Halittar da ba ta da gida sai ɗaya, idan ya rushe ba ta da mafaka.

7.4 Amfanin Darasin ga Malami

Malamin da ke koyarwa a ƙasar Yawuri yana da misali a kusa. Kammala madatsar Kainji a 1968 ta mayar da wani sashe na Kwara tafki, ta nutsar da tsibirai da garuruwa, ta kuma sauya yanayin kamun kifi. Sarkawa da Gungawa suna riƙe da sunayen kifaye da halayensu. Idan halitta ta ɓace, sunanta da karin maganar da ke rataye da ita sukan bi bayanta. Saboda haka taskace su aiki ne na malamin Hausa.

7.5 Jinga

1. Fito da kalmomin kwatanci da aka yi amfani da su a 7.3.
2. Tambayi masunta a Yelwa, Ngaski ko Shanga kifayen da suka yi ƙaranci, ka rubuta sunayensu.
3. Kwatanta giwan ruwa da tarwaɗa a sakin layi biyu.