Ba Kowane Ƙaiƙayi Ba Ne Sanyi

Jama'a, akwai wata cuta da ake jin nauyin ambatonta, amma tilas a faɗa: ciwon daji na gaban mace, wanda ke kama fatar waje, leɓɓan farji da kewayensu. Ba shi da yawa. A shekarar 2020 mata kimanin 45,000 aka samu da shi a duk duniya. Ƙarancin nan shi ya sa ba a kawo shi a rai.

Ga yadda abin yakan faru. Dattijuwa mai shekara sittin da 'yan kai ta ja 'yarta ɗaki, ta sassauta murya ta ce, "Sanyi ke damuna." 'Yar ta ce, "To, Inna," ta aika kemis a sayo na shafawa da na matsi. Ƙaiƙayi ya lafa kwana biyu ya dawo. A koma jiƙe-jiƙe da zama cikin ruwan bagaruwa. Shekara ta zagayo, ba wanda ya duba wurin da ido, sai miki ya ɓulla, kaluluwa ta fito a matsematsi.

Mafi yawan wannan ciwon daji ta hanya biyu yake zuwa. Ga masu ƙarancin shekaru, ƙwayar cutar HPV ce, wadda kuma ke jawo dajin bakin mahaifa. Shan taba da cutar ƙanjamau suna ƙara haɗarin. Ga tsofaffi kuwa, wata cutar fata ce da ke mai da wurin fari fat, da ƙaiƙayi na shekaru. Akwai kuma waɗanda suka fi ƙaranci: cutar Paget, mai kama da ƙyasbi ja, da melanoma, baƙin tabo mai canza girma ko launi, da dajin ƙullin Bartholin a bakin farji.

Don haka ƙaiƙayin da ya ƙi jin magani, ko tsiro, ko miki da ya ƙi warkewa, ko jini bayan daina al'ada, a kai wa likitan mata. Mai jin kunya ta nemi likita mace, haƙƙinta ne. Za a ɗan yanki fatar, ƙanƙanuwa, bayan allurar kashe zafi, a auna. In an gano da wuri, tiyata kaɗai takan wadatar. In an makara, sai an haɗa da gashin na'ura a asibiti.

Su kuma 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, a watan Oktoba na 2023 aka fara yi musu rigakafin HPV kyauta a Nijeriya, allura ɗaya tak.