Darasin Girki: Tukunyar Farko Ga Wanda Bai Taɓa Ɗora Sanwa Ba

Tun daga 2019 da jama'a suka fara tsallakowa daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, akwai abin da muke cin karo da shi idan muna zagaya gidaje. An karɓi rabon abinci, buhu yana jingine a ɗaki, amma yara sun kwana da yunwa. Idan muka tambaya, sai a ce mai girkin ce babu. Wata ta rasu, wata an rabu da ita a hanya, wata tana kwance a asibiti. Girki ya koma hannun uba, ko hannun babban yaro da bai taɓa riƙe muciya ba.

Wannan darasi naku ne. Namiji ya tuƙa wa 'ya'yansa tuwo ba abin kunya ba ne. Kada ku ce sai kun koyi komai lokaci guda. Ku fara da tuwo da miyar kuka, ku maimaita har hannu ya saba.

Kafin a hura wuta

A wanke hannu da sabulu. A wanke tukunya. A tankaɗe gari, a ajiye ruwa mai tsabta, gishiri, daddawa, albasa, barkono, mai da garin kuka kusa da hannu. A zaɓi kofi ɗaya ya zama ma'auni kullum, domin a gane abin da ke isar gidan, kada rabon wata ya ƙare tun wata bai raba ba.

Tuwon gero ko dawa

1. Ga kowane kofi 1 na gari, a ɗora ruwa kamar kofi 3, a rufe ya tafasa.
2. A ɗebi kaɗan daga garin, a dama da ruwan sanyi. A zuba cikin tafasasshen ruwan ana juyawa. Wannan shi ne talge. Idan aka zuba busasshen gari kai tsaye, gudaji zai yi.
3. A rufe talgen ya dahu kamar minti 10.
4. A rage wuta. A riƙa zuba sauran garin kaɗan-kaɗan ana tuƙawa da muciya har ya yi kauri.
5. A yayyafa ruwa kaɗan, a rufe ya sulala wasu 'yan mintoci. A sake tuƙawa, a kwashe.

Idan tuwon ya yi ruwa, a ƙara gari. Idan ya yi tauri, a ƙara ruwan zafi. Idan an ji ƙauri, wuta ce ta yi yawa, a janye itace ɗaya.

Miyar kuka

A tafasa ruwa da dakakkiyar daddawa, albasa, barkono, gishiri da ɗan mai. Idan akwai busasshen kifi, a cire ƙaya a sa. A rage wuta, a riƙa barbaɗa kuka ana kaɗawa da maburgi har ta yi kauri. A bar ta 'yan mintoci, a sauke. Idan akwai ƙananan yara a gidan, a rage barkono, manya su ƙara yaji a kwanonsu.

Wake da itace

Tuwo kaɗai ba ya gina jikin yaro, yana bukatar wake ko gyaɗa ko kifi da ganye irin su zogale. A jiƙa wake tun dare, da safe a zubar da ruwan a dafa da sabo. Jiƙaƙƙen wake ya fi saurin nuna. A riƙa rufe tukunya, a kuma kare murhu daga iska. Mun nanata wannan ne domin duk itacen da aka rage, an rage wa 'yan mata zuwa daji, inda suka fi fuskantar haɗari.

Abin kiyayewa

Kada a hura wuta ko gawayi cikin rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa. A nisanta murhu daga zana da tanti. Kada a bar yaro mai rarrafe kusa da tukunya. Abinci a ci shi da zafinsa, ɗumame kuma a ɗumama shi sosai har cikinsa ya yi zafi. Idan ya canja wari, a zubar. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ake ba shi. Idan ya rasa mahaifiya, a kai shi wurin ma'aikatan lafiya tun ranar.

Tuwon farko ba lallai ya yi kyau ba, na uku zai fi shi. Matambayi ba ya ɓata: ku roƙi wata dattijuwa maƙwabciya ta tsaya muku sau ɗaya ko biyu. Ku kuma iyaye mata, idan kun ga gidan da hayaƙi bai tashi ba har yamma, ku leƙa ku gaisa. Idan yaro ne yake riƙe da ƙannensa shi kaɗai, a sanar da ofishin kariya. Za mu zo, kuma maganar ba za ta fita ba.