Tattaki ga Mai Jakar Bayan Gida a Ciki

Wannan saƙo daga Malam Garba ne, Ƙofar Kibo, cikin birnin Zariya. Ya ce an yi masa aikin hanji, an buɗe masa kafa a ciki inda bayan gida ke fita cikin jaka, abin da likitoci ke kira sitoma. Yana tambaya: ko tattaki zai cutar da shi?

To Malam Garba, Allah ya ƙara sauƙi. Tattaki ba ya cutar da mai sitoma. Hasali ma yana motsa hanji, yana hana jini daskarewa a ƙafa, yana kuma rage zaman kaɗaici, wanda a ganina ya fi jakar nauyi.

Ka fara da minti 10, daga gida zuwa masallaci, kana ƙarawa sannu a hankali. Ka fita bayan asuba ko bayan la'asar, domin zufar rana tana sassauta mannin jaka. Ka zubar da abin da ke cikinta kafin ka fita, ka riƙe wata a aljihu. Babbar riga kuwa ta rufa maka asiri. Ka yawaita shan ruwa, musamman idan ƙaramin hanji aka fitar.

Abin gudu shi ne ɗaukar kaya mai nauyi, kamar jarkar ruwa, aƙalla mako 6 bayan aiki, don gudun ƙaba. Idan ka ga kumburi gefen sitoma, ko ta yi baƙi, ka garzaya wurin likitanka ko asibitin koyarwa na Shika.