Ma'aunan Kwatanta 'Yan Dambe: Nauyi da Bajinta da Suna

1.0 Gabatarwa

Dambe na ɗaya daga cikin wasannin nuna jarunta a ƙasar Hausa. An fi danganta shi da mahauta, kuma a gargajiyance da kaka ake yin sa, bayan an kawar da amfanin gona. A yankunan manoma irin su Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, da wuya a rasa dattijon da zai ba da labarin wani dambe da ya kalla yana saurayi. Duk inda aka yi irin wannan hira kuwa, musu ɗaya ke biyo baya, wato wane ne ya fi wani? Wannan darasi zai duba ma'aunan da ya kamata ɗalibi ya riƙa kafin ya yanke irin wannan hukunci.

2.0 Nauyi a Damben Zamani

A damben zamani, wato boksin, ana auna ɗan wasa a kan sikeli kafin ya shiga fage, kuma kowane aji yana da iyakar nauyinsa da kambunsa. Hogan Bassey, mutumin Kalaba, ya ci kambun duniya a birnin Faris a shekarar 1957 a ajin da bai wuce kilo 57 da ɗoriya ba. Dick Tiger ya ci na ajin masu kilo 72 da ɗoriya a 1962, ya kare shi a Ibadan a 1963, sannan ya haura ajin masu kilo 79 ya ci kambunsa a 1966. Shi kuwa Muhammad Ali na Amurka a ajin mafiya nauyi ya yi zamaninsa, inda ya ɗauki kambu sau uku, a 1964 da 1974 da 1978.

Babu yadda za a yi a haɗa Bassey da Ali a fage ɗaya. Saboda haka masu sharhi sukan yi tambaya ta ƙiyasi: da a ce nauyinsu ɗaya ne, wa zai yi galaba? Amsar ba ta tabbata, amma abin dogaro yana nan a rubuce, domin kowace karawa an adana ranarta da sakamakonta.

3.0 Nauyi a Damben Gargajiya

Damben Hausa bai san sikeli ba. Ido da yarda su ne ma'auni. Ɗan dambe yakan sa wa wanda yake so zare, idan ya amsa sai a shiga fage a yi turmi uku. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan. Don haka siriri yana iya karawa da ƙato, kuma idan ya yi kisa, sunansa ya fi tashi, domin Bahaushe ya ce ƙaramin goro ya fi babban dutse. Sai a 'yan shekarun nan ne wasu masu shirya gasa suka fara raba 'yan dambe rukuni-rukuni bisa nauyi.

Babban bambancin shi ne, tarihin 'yan damben da ba a takarda yake ba, yana bakin makaɗa da 'yan kallo. Misali, shaharar Shago ba ta rabuwa da waƙar da Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya yi masa. Har yau ana ambaton karawarsa da Ɗandunawa, amma mafi yawan masu ambaton ta wajen waƙa da hira suka san ta. Makaɗi kuwa ba alƙali ba ne. Aikinsa kambama gwaninsa da zuga shi, ba lissafa ranakun da ya sha ƙasa ba.

4.0 Ma'aunan Kwatanci

i. Abokan karawa: Su wa ya buge? Kisa goma a kan sababbin shiga bai kai kisa ɗaya a kan gwarzon zamani ba.

ii. Daɗewa: Shekara nawa ya yi ana shakkar sa masa zare?

iii. Ƙetare iyaka: Ya kara da waɗanda suka fi shi jiki, kamar yadda Dick Tiger ya haura aji? Ya fita garinsu ya yi kisa a baƙon fage?

iv. Magada: Wa ya tasa? Laƙubba irin su Shagon wane da Autan wane da Bahagon wane suna nuna gidan da ɗan dambe ya fito.

v. Waƙa: Shaida ce, amma sai an tace zuga da kambamawa, an kuma gwada ta da bayanin waɗanda suka gani da ido.

5.0 Kammalawa

An ga cewa nauyi kaɗai ba ya nuna gwani, haka ma suna. Akwai jaruman ƙauye da suka yi bajinta amma ba su sami makaɗin da zai ɗauke su ba, kuma duk dattijon da ya rasu yakan tafi da labarinsu. Idan manazarci ya dogara ga waƙa kawai, zai rubuta tarihin waɗanda aka yi wa waƙa ne, ba tarihin dambe ba.

6.0 Jinga

1. Bayyana yadda ake haɗa abokan karawa a damben gargajiya da na zamani.
2. Me ya sa ba za a ɗauki waƙar makaɗi a matsayin cikakkiyar hujja ba?
3. Tattauna da dattawa biyu a garinku game da wani tsohon ɗan dambe, sannan ka auna shi da ma'aunan nan biyar. Ka nuna inda bayanansu suka saɓa.