Ƙidayar Ambato da Sunan Marubuci: Darasi Daga Masu Koya wa Mutum-mutumi Aiki

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kai aji huɗu a jami'a ya san shafin nan na ƙarshen kundin digiri da ake kira manazarta. Da yawa daga cikinmu muna ɗaukarsa a matsayin wahalar ƙarshe, wadda ake harhaɗawa cikin dare ana gobe za a miƙa aiki ga malami. To amma akwai wani fagen ilimi sukutum wanda aikinsa shi ne nazarin irin wannan shafi. Masana wannan fage suna ƙirga wane ne ya ambaci wane, sau nawa, kuma a ina. Da sakamakon wannan ƙidaya ne jami'o'i da dama a duniya suke auna malamansu wajen ƙarin girma da ba da kuɗin bincike.

A wannan muƙala zan yi bayanin yadda ake ƙidayar ambato, sannan in kawo misali daga wani fage mai nisa da namu, wato binciken koya wa mutum-mutumin inji aiki. Na zaɓe shi ne domin a can matsalar sunan marubuci ta fito fili ƙarara. Daga nan sai in dawo gida, in nuna abin da ya shafe mu a matsayinmu na ɗaliban harshe.

2.0 Asalin Ƙidayar Ambato

Abin da nake nufi da ambato shi ne marubuci ya kawo sunan wani aiki da ya gabace shi a matsayin madogara. A shekarar 1955 wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ya buga maƙala a mujallar Science, inda ya ba da shawarar a tattara dukkan madogarar da ke ƙarshen maƙalun kimiyya a wuri guda. Ya aro dabarar ne daga lauyoyin Amurka, waɗanda suka daɗe suna da kundin da ke nuna shari'o'in da suka kafa hujja da wani hukunci na baya. Cibiyar da Garfield ya kafa a birnin Filadelfiya ta fara fitar da kundinta, Science Citation Index, a 1964.

Amfanin kundin a bayyane yake. Shafin manazarta yana mayar da mai karatu baya ne kawai, zuwa ga ayyukan da marubuci ya karanta. Shi kuwa kundin ambato yana kai shi gaba, ya nuna masa waɗanda suka zo daga baya suka yi amfani da aikin, ko suka gyara shi, ko suka ƙaryata shi. A 2004 aka samu Scopus da Google Scholar, wanda hakan ya sa aikin ya yi sauƙi ga duk mai intanet.

3.0 Ma'aunai Biyu da Suka Fi Shahara

Na farko shi ne ma'aunin tasirin mujalla. Ga yadda ake lissafa shi. A ce wata mujalla ta buga maƙalu 50 a shekarun 2022 da 2023. A ce kuma a cikin 2024 an ambaci waɗannan maƙalu sau 100. Sai a raba 100 da 50, a sami 2. Ma'aunin tasirinta na 2024 ke nan.

Na biyu shi ne ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch, masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, ya fito da shi a 2005. Wannan mutum yake aunawa. A ce malami yana da maƙalu biyar, an ambace su sau 30, da 12, da 4, da 2, da 1. Maƙalu uku daga ciki an ambaci kowacce aƙalla sau uku, amma babu huɗu da aka ambaci kowacce sau huɗu. Saboda haka ma'auninsa 3 ne.

Masana sun daɗe suna gargaɗi game da waɗannan alƙaluma. A 1968 masanin zamantakewa Robert Merton ya nuna cewa wanda ya riga ya yi suna shi ake ƙara wa suna, ko da aikin tare suka yi da wani ƙarami. Haka kuma alƙalami ba ya bambance yabo da suka, domin maƙalar da aka ambata don a nuna kuskurenta ita ma ta sami ambato. Irin wannan ne ya sa a watan Disamba na 2012 wasu editoci da masu buga mujallu suka haɗu a birnin San Faransisko suka tsara wata sanarwa, suna kira da a daina auna ingancin aikin mutum da ma'aunin tasirin mujallar da ya buga a ciki.

4.0 Yadda Mutum-mutumi Yake Koyon Aiki

A da, injiniya ne yake rubuta wa mutum-mutumi kowane motsi dalla-dalla: ɗaga hannu kaza, juya kaza, matse kaza. Wannan ya dace da masana'antar haɗa motoci, inda komai yake zuwa wuri ɗaya a kullum. Amma idan aka ce ya ɗauki cokali daga cikin tarkacen da ba a jera ba, sai dabarar ta gaza. Daga nan masu bincike suka koma ga koyon na'ura, wato a bar kwamfuta ta gano ƙa'idar da kanta daga ɗimbin misalai.

Hanyoyi biyu ne manya. Ta farko ita ce koyo ta gwaji da sakamako: na'ura ta gwada, idan ta dace a ba ta maki, idan ta kuskure a hana ta, a hankali har ta gane motsin da ke kawo maki. Richard Sutton da Andrew Barto sun wallafa littafin da ya zama ginshiƙin wannan hanya a 1998, kuma a watan Maris na 2025 aka sanar da ba su lambar yabo ta Turing, wadda ita ce mafi girma a kimiyyar kwamfuta. Hanya ta biyu ita ce koyo ta kwaikwayo: mutum ya riƙa tuƙa hannun injin yana nuna masa aiki, ana naɗar komai da kyamara, daga baya na'ura ta kwaikwaya.

Kowace daga cikinsu tana cin misalai masu yawan gaske. A 2016 Sergey Levine da abokan aikinsa a kamfanin Google sun bar hannayen inji da yawansu ya kai 14 suna ta gwada ɗaukar kayayyaki har tsawon wata biyu, suka tara gwaji fiye da 800,000. A 2022 wani ayari a kamfanin ya fitar da tsarin da suka kira RT-1, wanda aka horar da misalai kimanin 130,000 da aka tattara da mutum-mutumi 13 cikin wata 17. A 2023 kuwa cibiyoyi 21 ne suka haɗa bayanansu wuri guda a wani aiki mai suna Open X-Embodiment, wanda ya ƙunshi nau'in mutum-mutumi 22 da misalai fiye da miliyan ɗaya. Maƙalar da ta bayyana aikin tana ɗauke da sunayen marubuta fiye da ɗari. Lallai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5.0 To, Wane ne Marubuci?

A nan ne tambayar take tasowa. A irin wannan aiki akwai wanda ya kawo tunanin, da wanda ya rubuta umarnin kwamfuta, da wanda ya gyara injin da ya lalace, da wanda ya yi watanni yana nuna wa injin yadda ake buɗe durowa. Dole kowane ayari ya yanke shawara: wa zai shiga jerin marubuta, wa za a bari a sashen godiya? Shawarar tana da nauyi, domin na'urar ƙidaya jerin marubuta kawai take dubawa. Wanda aka gode wa a ƙasan shafi ba shi da rabo a lissafi.

Idan kuma aka sa kowa, wata matsalar ta taso. A 2015 an buga wata maƙalar fiziya mai marubuta 5,154. Duk lokacin da aka ambace ta sau ɗaya, shin kowannensu ya sami ambato guda cikakke ne, ko raba gudan za a yi a tsakaninsu? Masana suna amfani da hanyoyin biyu, kuma sakamakonsu ya sha bamban. Jerin sunayen ma ba ma'anarsa ɗaya ba a ko'ina. A lissafi yawanci bin haruffan abacada ake yi, alhali a fannin likitanci sunan farko na wanda ya fi yin aiki ne, na ƙarshe kuma na shugaban ɗakin bincike. Domin rage wannan ruɗani aka fito da tsarin CRediT, wanda ya kasa gudummawa gida 14, kowa a faɗi abin da ya yi.

Ita na'urar fa, ko za ta iya zama marubuciya? A farkon 2023 mujallun Nature da Science sun bayyana cewa ba za su karɓi ChatGPT a jerin marubuta ba. Hujjar da Nature ta bayar ita ce marubuci shi ne mai ɗaukar alhakin abin da aka rubuta, na'ura kuwa ba za a iya tuhumarta ba. A nawa ganin wannan ita ce ma'ana mafi amfani ga ɗalibi: duk inda ka sa sunanka, ka yarda a tambaye ka.

6.0 Abin da ya Shafe mu

Kiyaye sunan wanda aka karɓi ilimi daga gare shi daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Malaman hadisi suna da isnadi, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman, Ida'un Nusukh, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu. Amma a tarihin nazarin Hausa na boko akwai misalan da suka yi kama da na mai tuƙa hannun inji. Dorugu, yaron nan da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai, shi ya ba J. F. Schön labarai masu yawa da suka fito a Magana Hausa na 1885, amma da sunan Schön ake ambaton littafin. Ƙamusun R. C. Abraham na 1949 ya fito da sunan Malam Mai Kano tare da nasa, sai dai yawancin manazarta bugun 1962 suke ambata, da sunan Abraham kaɗai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bugu da ƙari, ma'aunan da na bayyana ba don irin fagenmu aka tsara su ba. Masu binciken mutum-mutumi suna ɗora maƙalunsu a intanet tun kafin a buga, a ambace su cikin 'yan makonni. Mu kuwa har yau muna dogara da ƙamusun Bargery na 1934. Ma'aunin da shekara biyu kawai yake dubawa ba zai ga irin wannan tasiri ba. Sannan ayyuka da yawa na Hausa suna cikin kundayen digiri da mujallun sassa da aka buga a takarda kawai, waɗanda na'urar ƙidaya ba ta kai gare su.

Ga abubuwa huɗu da nake ganin suna hannunmu.

Na ɗaya, mu ambaci abin da muka karanta da idonmu. Idan a littafin wani muka tsinci maganar wani masani, mu faɗi haka, kada mu nuna kamar mun ga asali. Ta hanyar kwafe madogara ne kuskuren shekara ko na shafi yake yaɗuwa daga kundi zuwa kundi.

Na biyu, mu kula da rubutun suna. Marubucin Hausa a Rubuce na 1988, Ibrahim Yaro Yahaya, idan wani ya rubuta shi a ƙarƙashin Yahaya, wani a Yaro, wani a Ibrahim, to na'ura za ta iya ɗaukarsa mutum uku. Haka nan Ɗangambo da Dangambo ba lallai ta gane abu ɗaya ba ne. Mu bi yadda marubucin ya rubuta sunansa a bangon littafinsa.

Na uku, mu ba waɗanda muka yi hira da su haƙƙinsu. Tsohuwar da ta ba mu tatsuniya da mahaucin da ya koya mana sunayen sassan nama madogara ne. Idan sun amince, mu rubuta sunansu da sana'arsu da wuri da ranar da aka yi hirar. Mu da muke koyon Hausa a kudancin ƙasar nan mun fi kowa dogaro da irin waɗannan mutane, a Sabo da sauran unguwannin Hausawa.

Na huɗu, idan aikin rukuni malami ya bayar, mu daidaita tun farko a kan wanda zai yi mene ne, kuma kada a sa sunan wanda bai taɓuka komai ba don abota.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, ƙidayar ambato tana iya nuna hanyar da ilimi ya biyo daga hannu zuwa hannu, amma abin da aka rubuta kawai take gani. Masu koya wa mutum-mutumi aiki, duk da kuɗi da kayan aikin da suke da su, har yanzu suna neman hanyar da ta dace ta raba yabo a tsakaninsu. Mu namu ya fi sauƙi, tunda madogarar kundinmu ba ta wuce shafi biyu ko uku ba. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu fara rubuta manazarta tun ranar da muka buɗe littafin farko, mu kuma riƙa duba kowane suna da shekara kafin mu miƙa aiki. Wanda zai zo bayanmu da wannan shafi zai nemi hanya. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.